Majami'ar Ƙauye: Tarihinta da Gininta

Yau za mu yi magana kan wani gini da da yawanku suka saba wucewa ta gabansa, watau majami'a, ɗakin da Kirista suke yin sujada. Yaushe ta zo ƙasar Maraɗi? Da me aka gina ta?

Mu fara da Tsibiri. Sarkin Gobir Mayaƙi ne ya kafa garin a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. A 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka zauna Damagaram. A 1927 suka buɗe mazauninsu a Tsibiri. Daga nan aikin ya kai Maraɗi da Jiratawa. A 1956 suka buɗe asibitin kutare a Danja, cikin ƙasar Jiratawa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƴan ƙasa suka riƙe ragamar ekklisiyarsu, wadda ake kira EERN.

Ku lura da wani abu. Sujadar nan da Hausa ake yin ta. An buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausar boko tun 1932. Saboda haka wanda ya shiga majami'a sai ya koyi baƙaƙe, don ya karanta da kansa. Ɗakin sujada na Lahadi shi ne ɗakin karatu a sauran ranaku. Irin baƙaƙen da kuke koyo yau, manoma da mata sun koye su a can.

To, ginin fa? Majami'ar ƙauye ta fari ba ta bambanta da ɗakin talaka ba. Wata rumfa ce ta kara, wata kuma ɗakin laka. Maginan gari ne suke yin aikin, da kayan da ke kusa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a murza tubali, a shanya a rana. Bango yana da kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Kaurin nan ne yake hana zafi shiga da rana.

Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara daga giginya ake tsaga ta, domin gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a fili mai faɗi. Ɗakin taro kuwa yana son faɗi. Dabara biyu magina suke da ita: ko su tsai da ginshiƙai a tsakiya, ko su ɗaure azara kan azara har su haɗu a sama, abin da ake kira bakan gizo. Dabarar nan ita ce ta masallaci da zauren sarki. Sai a sa indararo don ruwan sama, a yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa.

A ciki babu ado mai yawa: wurin zama, da teburin mai wa'azi a gaba. Maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. Daga baya bulo da siminti da kwano suka shigo. Kwano ba ya son yaɓe, amma ga zafi, ga ƙara in ana ruwa.

Abu biyu ke rushe irin wannan gini. Na farko ruwa. Mutanen Maraɗi sun san ƙarfinsa, tun da ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashe su suka hau tudu. Ɗakin laka in bai sami yaɓe kafin damina ba, sai ya zube. Na biyu fushin mutane. A watan Janairu 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, har aka rasa rayuka. A watan Yuni 2019 an ƙone wata a Maraɗi. Amma a 2015 an ga Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu.

Jama'a, ƙasar da aka gina masallacinmu da ita, da ita aka gina majami'ar maƙwabcinmu. In akwai tsohuwar majami'a a garinku, ku je wurin dattawa. Ku tambaye su wa ya gina ta, a zamanin wane sarki, ina aka sari azara. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta amsar a littafinku, ku kawo aji mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.