Futura Mai Kauri: Inda Ido Ya Gyara Aikin Kamfas

A 1927 kamfanin Bauer na birnin Frankfurt, mai zuba haruffan darma yana sayar wa maɗaba'u, ya fito da wani samfurin haruffa mai suna Futura. Paul Renner ne ya zana shi, mai zane kuma malamin ɗab'i a Munich. Ana yawan jingina aikin ga makarantar Bauhaus, alhali Renner bai taɓa zama malaminta ba. Ra'ayin zamani ne ya haɗa su. A lokacin, jaridu da littattafan Jamus da dama da Fraktur ake buga su, tsohon rubutun nan mai karye-karye da yawan ado, masu neman sauyi kuwa suna son harafi tsirara, ba 'yan ƙafafu a ƙarshen sandunansa, wanda aka gina da da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi.

Kallon farko yana sa mutum ya ɗauka kamfas da rula ne suka yi aikin duka. Awo kuwa yana nuna akasin haka. Harafin O ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma layukan kwance sun ɗan fi na tsaye siranta, domin idan kaurinsu ya zo daidai, ido zai ga na kwancen sun fi nauyi. Haruffa masu zagaye da masu tsini sukan ɗan ƙetare layin da sauran suke tsaye a kai, in ba haka ba sai su zama kamar gajeru. Faɗin manyan baƙaƙe ma daga rubutun da Rumawa suka sassaƙa a duwatsu ya samo asali: E da F da L da S matsattsu, O da G da M masu faɗi. Zane-zanen Renner na farko sun fi tsananta lissafi, har akwai r da aka yi da sanda da ɗigo kawai, da m da n masu kusurwa. Ba a jima ba aka ajiye su, kuma a ganina wannan ajiyewar ce ta ba Futura tsawon rai.

A samfuri mai kauri wannan gyara ya fi fitowa fili. Duk lokacin da aka ƙara wa sanda jiki, farin da ke cikin harafi raguwa yake yi. Inda cikin b ko d ko p ya haɗu da sandarsa, baƙi biyu ne suke cin karo, kuma da an bar su yadda lissafi ya ce, da wurin ya zama dunƙulen tawada. Don haka aka sirantar da lanƙwasar sosai kafin ta shiga sandar. Haka kuma tsinin A da M da V da W, wanda yake kamar bakin mashi a samfurori marasa nauyi, an datse shi ya zama shafaffe a mai kauri. Ke nan mai kaurin sabon zane ne da kansa, wanda aka sake auna kowace mahaɗa tasa, har ya yi kama da da'ira da sanda ba tare da ya bi ƙa'idarsu sau da ƙafa ba. Mafi nauyinsa, Futura Extra Bold, a Amurka Edwin Shaar ya zana shi a 1952.

Renner bai ji daɗin ƙasarsa ba bayan fitowar Futura. A 1932 ya wallafa wata ƙasida da ta soki yadda 'yan Nazi suke far wa fasahar zamani, a 1933 aka raba shi da muƙaminsa. Haruffansa kuwa suka yi ta bazuwa. Tallace-tallacen Volkswagen da suka yi fice a Amurka daga 1959 da su aka rubuta kanunsu, haka allon ƙarfen da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Mai zane Barbara Kruger ta riƙa ɗora mai kauri karkatacce, fari a kan ja, bisa hotuna don sukar son kaya da danniya, kamfanin Nike kuma ya sayar da takalma da matsattsensa mai nauyi. Samfuri ɗaya ya yi wa mai talla da mai sukar talla aiki, saboda ba ya ɗauke da kamannin hannun kowa.

Duk waɗannan gajerun kalmomi ne da ake hange daga nesa. A dogon karatu da ƙaramin bugu, raunin samfurin yana bayyana: a da o da d da q duk daga zagaye ɗaya suka fito, sai ido ya gaji da tantancewa. Wannan ya shafi mai buga Hausa kai tsaye, tunda wasalin a ya cika kalmominmu, kuma Futura na asali ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan samfuri bai da su, kwamfuta takan aro daga wani, sai ka ga siririn ƙ a tsakiyar kanu mai kauri a fosta. Wanda zai zana su da kyau zai sami taimako daga dogayen sandunan Futura, domin akwai fili a sama. Amma dole ya sirantar da ƙugiyar ɓ ya kuma buɗe ta, don kada ta rufe farin da ke tsakaninta da cikin harafin.