Bitelojenin: Yadda jinin namijin kifi ke tona asirin gurɓataccen ruwa

Bitelojenin wani furotin ne da hantar macen kifi ke haɗawa idan lokacin ƙwai ya zo, kuma daga gare shi ne gwaiduwa ke samuwa. Abin da ke ba hanta umurnin wannan aiki shi ne isturojin, sinadarin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. Namijin kifi ma hantarsa na iya haɗa shi, sai dai ba ta yi, domin isturojin ɗin jikinsa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka idan aka ɗebi jinin namiji aka tarar da bitelojenin mai yawa, to ruwan da yake ciki na ɗauke da isturojin ko wani abu mai kwaikwayonsa.

A Ingila aka fara gane haka. An riƙa samun kifayen da suka zama mata-maza, wato ga ƙwai a cikin marainan namiji, kusa da wuraren tace ruwan najasa. Masu bincike, ciki har da John Sumpter na jami'ar Brunel, suka zuba mazan kifi a keji suka ajiye a bakin magudanan. Cikin ƴan makonni bitelojenin ɗinsu ya ninka sau dubbai. An wallafa sakamakon a 1994. Da aka bi diddigi, sai aka tarar mafi yawan abin isturojin ne da ke fita a fitsarin mutane, da kuma irin wanda ake haɗawa a ƙwayar tsarin iyali. A wasu koguna kuwa laifin na nonilfenol ne, daga sabulun da masana'antu ke wanke ulu da shi.

Amfanin wannan hanya shi ne sinadaran na illa tun suna ƙanƙane ainun, har awon ruwa na yau da kullum ya kasa ganinsu. Ga shi kuma kwalbar ruwa ta sa'a ɗaya kawai take ba da labari, alhali kifi dare da rana yana ciki. Wani gwaji a lardin Ontariyo na Kanada ya nuna iyakar haɗarin. Daga 2001 zuwa 2003, Karen Kidd da abokan aikinta sun zuba isturojin na ƙwayar tsarin iyali a wani tafkin gwaji, nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram). Mazan wani ƙaramin kifi suka soma haɗa bitelojenin, hayayyafa ta tsaya, har irin ya kusa ƙarewa a tafkin.

Sai dai gwajin ba ya faɗin sunan sinadari, kuma ba ya nuna mai laifi. Fitsarin mutane, kashin dabbobi, robobi da wasu magungunan ƙwari duk suna iya tayar da shi, don haka ɗora komai a kan ƙwayar tsarin iyali kuskure ne. Dole a biyo da awon ruwan a ɗakin bincike. Kayan gwajin ma sau da yawa sai an daidaita su da irin kifin.

A Afirka ta Kudu, a 2004, an ba da rahoton samun tarwaɗa mata-maza a madatsun ruwa kusa da Firetoriya. Irin tarwaɗar nan ce masunta ke kamawa a kogin Neja da tafkin Chadi, inda ruwan kwatamin birane da dama ke gangarawa ba tare da an tace shi ba.