Boris ɗin tayar babur: Abin da ke kashe shi da wuri, da waɗanda alhakin ya rataya a wuyansu

Boris shi ne zoben ƙarfen da ke cikin cibiyar tayar babur, wanda ke ba taya damar juyawa a kan sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyarta. Bai kai tafin hannu girma ba, kuma yana cikin kayan gyara mafiya araha, amma a kansa nauyin babur da na mai tuƙi da fasinja da kaya ke sauka. Boris mai kyau da aka ɗaura daidai kan yi dubban kilomitoci ba a tuna da shi ba. Idan ya mutu cikin 'yan makonni, to akwai dalili.

Yadda yake

Sassansa huɗu ne: zoben waje da ke maƙale a cibiyar taya, zoben ciki da ke zaune a kan sandar, ƙwallayen ƙarfe da ke birgima a tsakaninsu, da ragar da ke raba ƙwallayen. Giris ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Tayar gaba tana da boris biyu, ta baya ma biyu, kuma babura da yawa suna da na uku a wurin faifan haƙoran da cen ke ja.

Lambar da ke jikinsa tana da ma'ana. Ramin tsakiyar 6301 milimita 12 ne, na 6202 da 6302 milimita 15, na 6203 kuwa 17. Haruffan 2RS na nufin an rufe fuskokinsa biyu da roba, ZZ kuma murfin ƙarfe ne. Na roba ya fi tare ruwa da ƙura.

Lissafin nauyi

A shekarar 1947 wasu injiniyoyi biyu a ƙasar Suwidin, Gustaf Lundberg da Arvid Palmgren, suka fitar da lissafin tsawon rayuwar boris, wanda ƙa'idar duniya ta ISO 281 ta ginu a kansa. Lissafin ya nuna cewa rayuwar boris mai ƙwallaye tana raguwa da sauri fiye da yadda nauyi ke ƙaruwa. Idan aka ninka nauyi sau biyu, sai rayuwarsa ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Idan rabi aka ƙara, sai ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

Babur ɗin da aka ƙera domin mutum biyu, aka ɗora masa mutum huɗu ko buhunan masara ranar kasuwa, ya riga ya shiga wannan lissafi tun kafin ya bar ƙofar gida.

Sauran dalilai

Na farko shi ne ruwa. Ƙetare rafi da damina, da wanki da injin mai feshi da ƙarfi ana saita bakinsa kan cibiyar taya, suna tura ruwa ya wuce robar. Ruwan ya tsinka giris, tsatsa ta biyo baya.

Na biyu ƙura ce. Ƙurar hunturu da yashin hanyar karkara idan suka gauraya da giris, sai su zama tamkar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin ƙwallayen a hankali.

Na uku ramukan hanya. Duk lokacin da taya ta faɗa rami da gudu, ƙwallayen na iya lotsa hanyar da suke bi a cikin zoben. Lotsawar ba ta gyaruwa, kuma daga ita ƙarfen ke fara ɓarewa.

Na huɗu shi ne hannun bakanike. Wajen shigar da boris cikin cibiyar taya, zoben waje kaɗai ya kamata a tura. Idan aka doki zoben ciki da guduma, ƙarfin dukan ta cikin ƙwallayen zai bi, sai sabon boris ya lalace tun bai taka kwalta ba. Akwai kuma ɗan bututun ƙarfe da ke tsakanin boris biyun. Idan aka manta da shi, ko ya gajarce, ɗaure noti zai matse boris ɗin ta gefe, su yi zafi su ci kansu. Cen da aka ja ya yi tauri fiye da kima shi ma yana gallaza wa boris ɗin baya.

Na biyar jabu ne. Boris na jabu yakan zo da kwali da tambarin sanannen kamfani, amma ƙarfensa bai sha tauri yadda ya kamata ba, giris ɗinsa kuma ɗan kaɗan ne. Matsalar ta kai ga manyan masu ƙera boris na duniya, ta hannun ƙungiyarsu ta World Bearing Association, sun ƙaddamar da gangamin yaƙi da jabu a 2010.

Alamomi

Boris ba ya cika mutuwa ba tare da gargaɗi ba. Yakan fara da gurnani ko ƙara mai ƙaruwa da gudu. Daga nan kan babur ya fara rawa, musamman a kwana, cibiyar taya ta yi zafi, wani lokaci jar ƙurar tsatsa ta bayyana a gefenta.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Ana ɗaga tayar daga ƙasa, a kama ta da hannu biyu a girgiza gefe da gefe. Idan aka ji tana wasa ko tana ƙwanƙwasawa, boris ya tafi. Idan aka juya ta aka ji kamar yashi a ciki, haka ma. Ƙa'ida ita ce a canza boris biyun tare da robobin da ke rufe su, kuma kada a mayar da wanda aka fitar da duka.

Jinkiri yana da tsada. Boris da ya ƙwace yana iya cinye mazauninsa, sai a sayi cibiyar taya sukutum. Idan kuma ya tarwatse ana cikin gudu, taya na iya cijewa nan take.

Abin da ya sa batun ya wuce garejin bakanike

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Duk da haramta acaba a tsakiyar Abuja a 2006 da birnin Kano a 2013, babur ne har yau ke kai mai naƙuda asibiti da amfanin gona kasuwa a ƙauyuka da dama.

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada. Ɗan acaba mai biyan balas kullum yakan zaɓi mafi araha, ya kuma ƙara lodi domin ya fitar da kuɗin mai. Araha kuwa ba ta ado.

Alhakin ya kasu. Hukumar SON ce ke da aikin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, ta tsarin SONCAP da aka fara a 2005. Hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafin wanda aka sayar wa jabu. Hukumar FRSC, da aka kafa a 1988, ita ke hukunta lodi fiye da kima. Gyaran hanyoyin tarayya yana hannun FERMA, na jihohi da ƙananan hukumomi kuma yana hannun gwamnatocinsu. Mai son kai ƙorafi kan boris na jabu zai buƙaci rasit, da kwalin, da shi kansa boris ɗin da ya lalace.