Tarihin Gas ɗin Firiji da Abin da Yake Koya wa Mai Gyara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai firiji wajen gyara, a Yamai ne ko Damagaram, Kano ko Kumasi, ya san kalmar da ake fara tarbarsa da ita: "gas ya ƙare." A Nijar firigo ake kiran wannan na'ura, daga Faransanci, a Najeriya da Gana kuwa firiji ko firij, daga Ingilishi, amma hukuncin masu gyara iri ɗaya ne. Sai dai gas ɗin firiji ba kananzir ba ne da fitila ke shanyewa. A kulle yake cikin bututu yana zagayawa, yana ɗebo zafi daga cikin akwatin yana zubarwa ta baya. Idan ya ragu, to wani wuri ya huje. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka kai ga kulle shi, da dalilin da ya sa aka sauya shi har sau uku.

Daga randa zuwa inji

Bahaushe ya daɗe da sanin tushen wannan ilimi. Ruwan randa yana sanyi ne domin danshin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, kuma duk ruwan da ya koma tururi yakan tafi da zafi. A kan wannan hikima ne Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina tukunyarsa mai tukunya a ciki, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Injin sanyi ma abin da yake yi ke nan, sai dai shi ba ya barin tururin ya tsere. Yana matse shi har ya koma ruwa, ya sake mayar da shi ciki. Jacob Perkins, Ba'amurke mazaunin Landan, shi ya fara rajistar irin wannan inji a 1834. A 1876 Carl von Linde na Jamus ya ƙera mai aiki da amoniya, wanda masana'antu suka karɓa hannu biyu.

Guba a cikin gida

Da firiji ya fara shiga gidajen Amurka bayan 1913, sai ya shiga da haɗarinsa. Gas ɗin da ake zuba masa a lokacin, kamar amoniya da wasu sinadarai masu sulfa ko kulorin, duk guba ne. Injin kuwa bel ke juya shi, don haka gas yakan sami hanyar zurarewa ta bakin sandar da ke juyawa. A shekarun 1920 an yi asarar rayuka sakamakon irin wannan yoyo.

Magani ya zo ta hanya biyu. A 1927 kamfanin General Electric ya fito da firijin da ake kira Monitor-Top, wanda aka haɗa motarsa da kwamfuresonsa cikin tukunyar ƙarfe guda aka liƙe. Baƙar tukunyar nan da ke ƙasan bayan firijinmu a yau jikanyarta ce. Sannan a 1930 Thomas Midgley ya nuna wa taron masana kimiyyar sinadarai wani sabon gas: ya shaƙe shi, ya hura ya kashe kyandir, don ya tabbatar ba ya kisa kuma ba ya kama wuta. Shi ne Freon, wanda masu gyara suka sani da R12. Ya yi sarauta fiye da shekara hamsin.

Ɓarnar da ido ba ya gani

A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka bayyana cewa irin wannan gas, in ya tsere, yakan hau can sama, hasken rana ya farfasa shi, kulorin ɗin da ke cikinsa ya riƙa cinye lemar ozon da ke kare halittu daga muguwar rana. A 1985 masu bincike ƴan Birtaniya suka ba da rahoton yadda lemar ta zaizaye a saman Antatika. Ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu a Yarjejeniyar Montreal, daga baya kuma aka ba ƙasashe masu tasowa wa'adin daina amfani da shi zuwa 2010.

R134a ne ya gaje shi. Ba ya taɓa ozon, amma wajen ɗumama duniya ya ninka iskar kabon fiye da sau dubu. Wannan ya sa a 1993 wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Foron, da goyon bayan ƙungiyar Greenpeace, ya fito da firiji mai gas irin na girki. Daga nan R600a ya bazu a duniya. A Oktoban 2016, a Kigali, ƙasashe suka amince su rage dangin R134a sannu a hankali.

Zamani uku a rumfa ɗaya

A Turai waɗannan zamunna sun bi juna ɗaya bayan ɗaya. A wajenmu kuwa tare suka sauka, domin firijin da Bature ya sallama shi ake lodowa ta tashoshin Kwatano, Lome, Tema da Legas a matsayin na hannu. Gana ta hana shigo da irinsu daga farkon 2013, saboda yawan wutar da suke ci. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. A jikin takardar da ke manne cikin firiji akwai harafin yanayi: N na nufin an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuwa 43. Firiji mai N da aka ajiye a ɗakin kwano a Yamai cikin watan Afrilu ba zai huta ba, ko da lafiyarsa ƙalau. Araha dai ba ta ado.

Darasi ga mai gyara da mai gida

Abu na farko shi ne karanta takardar, domin kowane gas da man injinsa. Man R12 ba ya tafiya da R134a, shi kuma man R134a yana jan danshi, sai ya toshe siririn bututun. R600a yana kama wuta, kuma ƴan giram kaɗan ake zubawa, da sikeli ba da kirdado ba. Wanda ya kusanto da wutar walda kafin ya fitar da shi sarai, ya sayi rai da kuɗinsa.

Na biyu, kada a yanke bututu sai an gama duba abin da ke waje. Inji mai ƴar ƙara ya tsaya, ya sake yi bayan mintoci, sau da yawa ƙaramin makunnin da ke tayar da shi ne ya ƙone. Wanda ba ya tsayawa sam, a duba robar bakin ƙofa, da ma'aunin da ke kashe shi in sanyi ya kai, da ƙurar hunturu da ta lulluɓe ragar baya. In an tabbatar gas ya ragu, a nemo hujin a toshe, a zuƙe iskar ciki, sannan a zuba sabo. In ba haka ba, zuba ruwa ne a kwando.

Mai gida ma da nasa: ya bar tazara tsakanin firiji da bango, ya jira kamar minti biyar in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, kuma kada ya kankare ƙanƙara da wuƙa, domin bututun gas yana nan a ƙarƙashinta.

Kammalawa

An kulle gas ɗin firiji ne domin ya taɓa kashe mutane a ɗakunansu, an sauya shi domin ya yi ɓarna a sama, an sake sauyawa domin yana ƙara wa duniya zafi. Don haka ranar da aka ce da kai gas ya ƙare, tambayoyi biyu ne haƙƙinka: wane iri ne, kuma ta ina ya fita?