Gicci: Gadon Da Muka Baro A Gonakin Arewa

Jama'a, mu da muke zaune a Sabon Ibadan, wanda aka kafa tun 1916, da yawanmu 'ya'yan manoma ne ko da fatauci ya kawo mu. Mun taso mun iske kakanninmu ba sa shuka gero shi kaɗai. Sai an sa dawa a tsakani, daga baya a gitta wake, abin da ake kira gicci. Ba su da famfon feshi, amma sun lura cewa ƙwaro ba ya sakewa a gonar da aka cakuɗa, kuma gonar da ta sha wake wuta-wuta na raguwa a cikinta.

Da malaman gona na zamanin Turawa suka zo, sai aka ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa, aka ce a ware kowane iri gonarsa daban. To amma a shekarun 1960 wani mai bincike, David Norman, ya bi manoman ƙauyukan Zariya daga Samaru, ya gano cewa mai cakuɗa shuka ya fi samun riba, kuma ya fi tsira idan shekara ta ɓaci. Masana sun kuma gano sirrin wake: saiwarsa na yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa dawar da zai kama, ya mutu.

A shekarun 1990 cibiyar icipe ta ƙasar Kenya ta ɗora a kan irin wannan hikima. Ana shuka wata ciyawa mai suna desmodium tsakanin masara, warinta ya kori malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsa, a kewaye gonar da ciyawar Napier wadda ke janyo shi waje.

Mu fa? Mun rungumi kwalba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari, mu masu buhuna a Bodija mun san kunyar da aka sha. A 2016 kuma sabuwar tsutsar masara ta ɓulla a nan kudu maso yamma.

Don haka, 'yan'uwa masu 'yar gona a bayan gari, kafin mu sayi magani mu tambayi dattawanmu yadda ake gicci tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.