Yadda facin tsaro ke isa ga na'urori masu Linux, da waɗanda ke riƙe da hanyarsa

Babu manhajar da ta tsira daga kuskure, kuma wasu kurakuran kan zama kafar da masu kutse ke bi su shiga kwamfuta. Gyaran da ke toshe irin wannan kafa shi ake kira faci, tamkar facin taya: wurin da ya huje kawai ake liƙewa. Rubuta facin aiki ne guda, isar da shi ga miliyoyin na'urori kafin masu kutse su riga shi kuma wani aikin ne daban. Wannan bayani ya duba yadda ake gudanar da aiki na biyu a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin sabobin intanet, wadda kuma a kanta aka gina Android.

Wa ke da Linux?

Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991 yana ɗalibi a Finland. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: kowa na da damar karanta rubutunta, ya gyara, ya raba. Amma zuciyar kaɗai ba ta wadatar da mai amfani. Wasu ƙungiyoyi da kamfanoni ne ke haɗa ta da dubban ƙananan manhajoji su fitar da cikakken tsari. Daga cikinsu akwai Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993 kuma 'yan sa-kai ke tafiyar da shi, da Ubuntu na kamfanin Canonical, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da shi a 2004. Waɗannan masu rarrabawa su ne dillalan da ke tsakanin marubutan asali da mai amfani, kuma ta hannunsu faci ke wucewa.

Matakan da faci ke bi

Idan mai bincike ya gano kafa, al'ada ita ce ya sanar da marubutan manhajar a asirce. Sai a ba kafar lambar shaida ta CVE, rajistar da aka buɗe a 1999 domin kowa ya kira matsala ɗaya da suna ɗaya. Idan matsalar babba ce, ana sanar da manyan masu rarrabawa a ɓoye, a tsayar da ranar da za a fito da labarin tare da facin lokaci guda. A fitacciyar kafar da suke wannan shawara, wa'adin ɓoyewar ba ya wuce kwana 14. Dalilin sirrin shi ne, da zarar faci ya fito fili, masu kutse na iya nazarinsa su gane inda raunin yake, su far wa waɗanda ba su sabunta ba.

Masu rarrabawa irin su Debian ba sa ɗauko sabon zubin manhaja gaba ɗaya su tura wa jama'a. Sukan tsamo gyaran kaɗai su ɗora shi kan tsohon zubin da mutane ke amfani da shi, domin kada sabuntawa ta rikita aikin banki ko asibitin da ya dogara da shi. Daga nan a gwada, a ɗora a rumbun manhajoji.

Akwai ɗaruruwan rumbunan kwafi a duniya, waɗanda jami'o'i da kamfanonin sadarwa ke ɗaukar nauyinsu, domin mai amfani ya sauke daga mafi kusa. Ba sai an amince da mai rumbun ba, saboda jerin kayan na ɗauke da hatimin sirri na mai rarrabawa, kuma jerin ya ƙunshi alamar tantance kowane fayil. Idan an taɓa ko da harafi ɗaya a hanya, manhajar saukewa, kamar APT a Debian da Ubuntu, za ta ƙi karɓa.

Har yaushe ake ci gaba da faci?

Kowane zubi na da wa'adinsa. Ubuntu na fitar da sabon zubi duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, sannan duk shekara biyu a fitar da mai dogon zango, wanda ke samun facin tsaro kyauta na shekara biyar. Debian kan fitar da tsayayyen zubi kusan duk shekara biyu, na 13 ya fito a Agusta 2025, kuma kulawar kan kai shekara biyar idan an haɗa da aikin tawagar dogon zango. Bayan wa'adi, na'ura za ta ci gaba da aiki lafiya lau a ido, alhali duk kafar da aka gano daga baya na nan a buɗe.

Inda tsarin ya taɓa tuntuɓe

A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a Debian ya raunana yadda ake ƙirƙirar makullan sirri, har ya zama ana iya cankar su. Sai a Mayu 2008 Luciano Bello ya gano matsalar. Darasin shi ne faci ma na iya haifar da ɓaraka.

A Afrilu 2014 aka bayyana kafar Heartbleed a OpenSSL, bayan ta shafe kusan shekara biyu a cikin manhajar. A lokacin ne duniya ta lura cewa mutane ƙalilan ne, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ke kula da manhajar da bankuna da gwamnatoci suka jingina da ita.

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya sanar da gano ɓoyayyiyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1 na manhajar matse fayil mai suna xz. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura na daga cikin abin da ya ja hankalinsa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa har ya samu yarda da iko a kan manhajar, sannan ya dasa ƙofar. Ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tsayayyen zubin Debian ko na Ubuntu ba. Hatimi ba ya maganin irin wannan, domin mai hatimin ne ya ci amana. Abin da ya yi ceto shi ne buɗaɗɗen rubutu da kuma jinkirin da ke tsakanin zubin gwaji da tsayayye.

Siyasar da ke ciki

Duk wanda ke iya tura sabuntawa yana da iko a kan na'urar da ke karɓa. Rubutun Linux na kowa ne, amma manyan cibiyoyin da ke kewaye da shi na ƙarƙashin dokokin wasu ƙasashe. A Oktoba 2024 an cire sunayen wasu masu kula da sassan zuciyar Linux da ke da alaƙa da Rasha, bisa dalilin bin dokokin takunkumi, kuma Torvalds ya goyi bayan matakin. A Afrilu 2025 kwangilar da gwamnatin Amurka ke biyan cibiyar MITRE domin tafiyar da rajistar CVE ta kusa ƙarewa, sai a ƙurarren lokaci hukumar CISA ta tsawaita ta. Wata guda bayan haka Tarayyar Turai ta ƙaddamar da tata rajistar. Tarayyar ta kuma kafa dokar da ta fara aiki a Disamba 2024, wadda daga Disamba 2027 za ta tilasta wa masu ƙera kayan fasaha samar da facin tsaro na tsawon wa'adi.

Abin da ya shafi mai karatu a Najeriya da Nijar

Mafi yawan jama'a ta wayar Android suke haɗuwa da Linux. Tun 2015 Google ke fitar da sanarwar facin tsaro a kai a kai, amma sai facin ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar kafin ya iso, kuma kowane kamfani da tsawon wa'adin da yake bayarwa. Ana ganin ranar facin ƙarshe a sashen saituna na waya. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya, waya mai tsohon faci na jefa shi da majiyoyinsa cikin haɗari.

Tsadar data na sa mutane ɗage sabuntawa. Katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Afirka ta Yamma a Maris 2024 ta nuna illar dogaro da rumbunan ƙetare. Jami'a ko ma'aikata na iya ajiye rumbun kwafi guda, duk kwamfutocinta su sauke daga gare shi, kamar yadda cibiyar TENET ke yi wa jami'o'in Afirka ta Kudu.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su. Don haka duk lokacin da hukuma ta sanar da sabon shafi ko rumbun bayanai, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa: wane zubi ake amfani da shi, yaushe wa'adin facinsa zai ƙare, kuma wa kasafin kuɗi ya ɗora wa aikin sabunta shi bayan ɗan kwangila ya tafi.