Direban hoto na kwamfuta

Direban hoto manhaja ce da ke sada tsarin aikin kwamfuta, kamar Windows ko Linux, da katin hoto na Intel, AMD ko NVIDIA. Bayan sabunta tsarin, tsohon direba kan kasa jituwa da sabon kanel, sai allo ya yi baƙi ko rubutu ya kumbura.

A Linux an fi samun matsalar da direban NVIDIA, domin sai an sake harhaɗa shi ga kowane sabon kanel, aikin da DKMS ke yi. Idan hakan ya gaza, akan zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB. A Windows ana shiga Safe Mode a maido da tsohon direba ta Device Manager. Galibi fayiloli na nan lafiya, ba sai an goge faifai ba.